Bayan saki, wa zai ci da yara?

Tambaya: "Assalamu alaikum Barista. Mijina ya sake ni wata takwas ke nan, na gama idda, ina gidanmu da 'ya'yanmu uku: mace mai shekara 9, namiji mai shekara 6, sai na goye mai wata 14 da har yanzu yake shan nono. Tun da na fita idda bai aiko da komai ba sai naira dubu biyar da ƙaramar sallah. Da na tura a yi masa magana sai ya ce in mayar masa da manyan biyu, in kuwa na ƙi, to in ci da su da kaina. Ma'aikacin gwamnati ne, kuma ya yi sabon aure. Ni ɗinki nake yi, da shi nake biya musu kuɗin makaranta. Mahaifina ya ce kada in kai shi ƙara, abin kunya ne a ce ya kasa riƙe jikokinsa. Ga shi kuma wani ya fito yana nemana da aure. Don Allah wa shari'a ta ɗora wa ciyar da yaran nan? Zan iya karɓar abin da na kashe a baya? In na yi aure zai ƙwace su?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ki haƙuri 'yar'uwa, ya raya miki zuri'a. Abu uku kike son sani: wanda ciyarwa take kansa, makomar kuɗin da kika riga kika kashe, da abin da sabon aure zai sauya. Zan amsa miki bisa mazhabar Malikiyya, domin da ita kotunan shari'ar Musulunci suke hukunci a Arewacin Najeriya, kuma a gabansu nake yawancin aikina.

Ta farkon ba ta da wani kwana-kwana. Ciyar da yaran nan uku yana wuyan mahaifinsu, ko a ɗakinki suke kwana, ko a ɗakin kakarsu, ko a gidansa. Saki ya raba shi da ke, bai raba shi da su ba. Maganar da ya yi ta "ki kawo su ko ki ci da su" ta haɗa abubuwa biyu da shari'a ta raba: riƙo da ciyarwa. Riƙo naki ne, ciyarwa tasa ce, kuma ba shi da ikon ya mayar da ɗaya sharaɗin ɗayan.

Tushen hukuncin

Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta zo ne a tsakiyar ayoyin saki. Allah ya ce iyaye mata su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, kuma ciyar da su da tufatar da su yana kan wanda aka haifa wa ɗan, gwargwadon abin da aka saba. A cikin ayar kuma ya hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ya hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa. A Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6 da ta 7, an umarci mai saki ya ciyar da mai ciki har ta haihu, in ta shayar masa ya ba ta ladanta, mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Ki lura ba a ce wanda aka ƙuntata wa ya daina ba.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Hindu 'yar Utba ta kai kukan mijinta Abu Sufyan wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa mutum ne mai ƙwauro, ba ya ba ta abin da zai ishe ta ita da 'ya'yanta. Annabi bai ce ta rufa wa mijinta asiri ta koma gida ba. Ya ce ta ɗauki abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon abin da aka saba. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyarwarsa take kansa.

Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan duk wanda ya zauna a zauren malami a ƙasar Hausa ya karanta, ta faɗi iyakar abin a fili. Uba zai ciyar da ƙananan 'ya'yansa da ba su da dukiyar kansu: maza har su balaga in ba su da wata naƙasa, mata kuwa har a aurar da su su tare a gidan miji. Mukhtasar na Khalil ya ƙara da cewa namijin ya balaga yana da hankali, yana kuma iya neman na kansa. Wannan ƙarin yana da amfani a yau, don yaro mai shekara 15 da yake aji uku na sakandare ya balaga, amma ba wanda zai ce yana iya ci da kansa. Da shi nakan kafa hujja idan uba ya zo yana cewa ai ɗan ya girma. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ita ma duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ta ɗauke shi.

"Ki kawo su ko ki ci da su"

Wannan magana na ji ta a bakin maza da yawa, manoma da 'yan kasuwa da masu digiri, har ma da waɗanda ake kira malam. Tana da ƙarfi ne don al'ada ta tsaya mata. Mun taso muna ganin da an yaye yaro sai a kai shi gidan ubansa, ana cewa ɗa na uba ne, uwa kuwa ta tafi zawarcinta. Gaskiya ne ɗa na uba ne ta fuskar nasaba da suna da gado da walittaka. Amma reno hukuncinsa daban.

Wata mata ta zo wa Annabi ta ce ɗan nan nata cikinta ne ya ɗauke shi, nononta ya sha, cinyarta ce makwancinsa, ga shi ubansa ya sake ta yana son ya ƙwace shi. Annabi ya ce ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Hadisin yana cikin Abu Dawud. Imam Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, mahaifiyar ɗansa Asim. Wata rana ya tarar da yaron yana wasa a Ƙuba, ya ɗauke shi ya ɗora a kan dabbarsa, kakar yaron ta biyo shi suka yi jayayya har gaban Sayyidina Abubakar. Abubakar ya ce ya sakar mata yaron, Umar kuma bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

A Malikiyya riƙon uwa yana kaiwa har namiji ya balaga, mace kuwa har ta tare a gidan mijinta. Shekara bakwai da za ki ji wasu suna ambata daga wasu mazhabobin ta fito: Hanafiyya suna mayar da namiji wurin uba a wannan shekarun, Shafi'iyya kuma suna ba yaro zaɓi idan ya yi wayo. Ba da su ake hukunci a kotunanmu ba. Saboda haka 'yarki mai shekara 9 da ɗanki mai shekara 6 duk suna cikin lokacin riƙonki. Malaman mazhabar sun ma yi maganar irin dabarar da tsohon mijinki ya kawo. Sun ce mai riƙo ita take karɓar kuɗin ciyarwa a hannunta, kuma uba ba shi da ikon ya ce a riƙa turo masa yaro ya ci abinci a gidansa ya koma. In wannan ma an hana, to ina ga a ce sai an miƙa yaron gaba ɗaya kafin ya ci?

A abin da na gani, masu wannan magana ba duka ne azzalumai ba. Akwai wanda da gaske haka ya ɗauka addini ya ce, da an karanta masa sai jikinsa ya yi sanyi. Akwai wanda zargi ne yake cinsa, yana ganin kuɗinsa a kwalliyar zawarci za a kashe, ko a tukunyar gidan surukai. Irin wannan ana iya kwantar masa da hankali da tsarin biya, zan zo kansa. Sai na uku, wanda yake horar da uwa da yunwar 'ya'yanta, don haushin rabuwar, ko don ta gaji ta kawo su da hannunta. Wannan shi ne ainihin cutar da uwa ta hanyar ɗanta da ayar ta hana, kuma shi ne yake ƙona mini rai. Sau da yawa in an kai masa yaran ba shi yake riƙe su ba. Da safe ya fita, sai dare. Amaryar da ba a nemi shawararta ba ita za a bar wa, ko a tura su wurin tsohuwa a ƙauye, ko a haɗa namijin da allo a kai shi wani gari. Akwai matan uba na kirki da suka riƙe 'ya'yan miji kamar su suka haife su, Allah ya saka musu. Amma yaron da aka raba da uwarsa don a huce haushi yakan san dalilin da ya sa aka raba su, ko da ba a faɗa masa ba.

Riƙon nan kuma amana ce mai sharuɗɗa, kada ki ɗauka ba ya faɗuwa. Ana son mai riƙo ta kasance mai hankali, mai amana, mai lafiyar da za ta iya hidima, a gidan da yaro yake da kariya, musamman 'ya mace da ta fara tasawa. Uwar da take ɗora wa 'yarta talla har dare, ko ta tura ta aikatau, ta ba uba hujja a hannu. Haka kuma idan uba zai ƙaura gaba ɗaya zuwa gari mai nisa, wanda malamai suka ƙiyasta da tafiyar da ta haura kilomita 100, yana iya neman ya tafi da 'ya'yansa. Ƙaura ta zama ake nufi, ba tafiyar kasuwanci ko ziyara ba.

Nawa zai riƙa bayarwa

Shari'a ba ta yanke adadi ba. Alƙali yana duba ƙarfin uba, da buƙatar yaran, da tsadar garin da suke. Abin da ya shiga ciki shi ne abinci, sutura, magani, shimfiɗa, sabulu da man shafawa, kuɗin makarantar boko da Islamiyya, da kason yaran na wurin zama in haya ake biya. Ga na goye kuma, tun da kin fita idda, kina da haƙƙin ladan shayarwa har ya cika shekara biyu. Mata da yawa ba su san da wannan ba, wasu kuma sun sani amma suna jin nauyin a ce sun karɓi kuɗi don sun ba ɗansu nono. Alƙur'ani ne ya ba ki, in kin yafe kin yi alheri, in kin karɓa ba ki ci haram ba. Abin da mazhabar ba ta ba ki ba shi ne lada a kan renon kansa.

Kuskuren da aka fi yi a gaban alƙali shi ne a tambayi mace nawa take so, ta ce duk abin da kotu ta gani, ko kuma ta faɗi wani adadi mai yawa da ba ta da lissafinsa. Ki samu littafi ki rubuta abin da yaran suke ci a wata: kwano nawa na masara ko shinkafa, mai, kayan miya, gawayi ko gas, kuɗin tara na makaranta, kuɗin mota, kuɗin zango. Ki ajiye rasit na makaranta da na asibiti. Alƙali ya fi sakin jiki da macen da ta zo da lissafi.

Ina ba da shawarar kada a mayar da komai kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na ga hukunce-hukuncen da a ranar da aka yanke su suna da ma'ana, bayan shekara guda kuɗin ko abincin mako biyu ba ya saye. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, amma uban da aka yanke wa adadi tun kafin nan ba zai zo da kansa ya ce a ƙara ba. Saboda haka ki nemi a rubuta hatsi da awo, kwano kaza duk wata, kuɗin makaranta ya biya kai tsaye a makarantar ya kawo rasit, kayan sallah sau biyu a shekara, sannan kuɗin cefane a hannunki. Wannan tsarin yana rufe bakin mai zargin za a ci kuɗinsa, yana kuma kare yaran daga tashin farashi. In yana cikin inshorar lafiya ta ma'aikata, tsarin tarayya yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, to ki tabbata sunayen yaranki suna ciki kuma katin yana wurinki. Duk adadin da aka yanke, kina iya komawa kotu a sake dubawa idan hali ya sauya, shi ma yana iya komawa in nasa ƙarfin ya ragu.

Sabon auren da ya yi bai sauke masa komai ba. Amma in gaya miki gaskiya, alƙali zai lissafa da shi, domin ciyar da mata wajibi ne, kuma a mazhabar in abin hannu bai isa ba ana gabatar da mata a kan 'ya'ya. Kada ki shiga kotu da tsammanin rabin albashinsa.

Kuɗin da kika riga kika kashe

A nan ne nake son ki buɗe kunne, don a nan mata suka fi yin asara. Ciyar da mata, in miji mai hali ya ƙi yi, bashi ne da yake taruwa a kansa. Ciyar da 'ya'ya ba haka take ba. Malikiyya suna ganin an wajabta ta ne don toshe buƙatar lokacin, saboda haka in lokacin ya wuce yaro ya ci ya sha ta wata hanya, ta faɗi. Sai a hali biyu: in alƙali ya riga ya yanke ta, ko kuma in wanda ya ciyar bai yi da niyyar kyauta ba.

Ƙofa ta biyu ita ce taki. Za ki nuna cewa a watannin nan uban yana da hali, wanda albashinsa ya isa shaida, kuma kin ciyar ne da niyyar ya biya ki. In ba ki kafa shaidu a kan niyyar ba, alƙali zai iya neman ki rantse. Aiken da kika yi aka yi masa magana hujja ce mai kyau, don wanda ya yi kyauta ba ya aike a karɓo masa. Ki riƙe sunan wanda kika aika, in akwai saƙon waya kada ki goge. Daga yau kuma ki faɗa a gaban mutum biyu adalai cewa duk abin da kike kashewa a kan yaran nan bashi ne a kan mahaifinsu.

Duk da haka ba zan yi miki alƙawarin za ki samu duka ba. A zaman sulhu kuɗin baya shi ne abin da aka fi roƙon mace ta yafe don a samu na gaba, kuma wani lokacin ni kaina nakan ga hakan ya fi, in dai na gaban ya tabbata a rubuce. Abin da yake a fili shi ne duk watan da ya wuce ba tare da hukunci ko yarjejeniya ba, karɓo kuɗinsa yana ƙara wuya.

Ke sakinki aka yi, amma bari in faɗa saboda masu neman khul'i: a kula da abin da ake sa wa hannu. Mace takan ƙosa ta rabu, a ce ta yafe riƙo ko ta ɗauki ciyar da yaro, ta ce ta yarda. Mazhabar tana karɓar irin wannan sharaɗi a wurare da dama, kuma warware shi daga baya aiki ne.

In kika yi aure

Riƙonki yana faɗuwa ne idan kika tare da mijin da ba muharramin yaran ba, ba ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa ba. Amma faɗuwarsa ba ta nufin ya koma wurin uba. Mahaifiyarki ce ta farko, in tana raye kuma tana da ƙarfi, da sharaɗin ba gida ɗaya take zaune da ke da sabon mijin ba. Bayanta sai kakarki, sai 'yar'uwarki, a bi dangin uwa mata, sannan a zo kan mahaifiyar uban, sannan uban. Duk inda riƙon ya koma, ciyarwa tana bin yaran can, daga aljihun mahaifinsu. Sabon mijinki ba a ɗora masa ciyar da agola ba, in ya yi alheri ne.

Akwai inda riƙon yake zama a hannunki ko da kin tare: in na goye ya ƙi karɓar kowa sai ke, ko in wanda riƙon zai koma wurinsa ya san kin tare ya yi shiru har shekara guda. Ki kuma san cewa a mashahurin zance, riƙon da ya faɗi saboda aure ba ya dawowa don auren ya mutu. Ban faɗi wannan don in hana ki aure ba. Ke yarinya ce, aure haƙƙinki ne, kuma ban yarda mace ta ƙare rayuwarta a zawarci don tsoron barazana ba. Abin da nake so shi ne a gama maganar yaran a rubuce kafin a shafa fatiha, a san ɗakin da za su kwana da hannun da zai karɓi kuɗinsu.

In uba ba shi da shi

Wannan bai shafe ki ba, amma yana shafar dubban mata. Uban da da gaske ba shi da komai ba a tilasta masa, kuma Malikiyya ba su ɗora wa kaka ko baffa ba, ba su kuma wajabta wa uwa ba in ban da shayarwa. Hanafiyya da Hanbaliyya sun faɗaɗa abin zuwa dangi, suna kafa hujja da ayar Baƙara da ta ce magaji ma akwai irin wannan a kansa. A tsarin asali baitulmali ne yake ɗaukar irin waɗannan yara. Yau kuwa keken ɗinkin uwa da farantin tallar 'ya su suka maye gurbinsa. Tunisiya ta kafa asusu tun 1993 da yake biyan matar da aka yanke wa kuɗin ciyarwa uban ya ƙi biya, sannan hukuma ta bi shi ta karɓa. Masar ta yi irinsa a 2004, Maroko ma ta bi sahu. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya tayar da maganar rubuta dokar iyali, aka yi ta muhawara a kan ƙarin aure, batun yaran da aka bari ba ci ba sha kuwa bai samu rabin wannan kulawar ba. Jihohin da suke da hukumomin zakka da Hisba ba abin da zai hana su kafa irin wannan asusu.

Maganar Baba, da hanyar da za ki bi

Mahaifinki dattijo ne mai kara, kuma abin da ya faɗa daga mutunci ya fito. Kada ki yi masa gardama. Ki samu lokacin da yake cikin natsuwa, ko ki roƙi wani malami ko baffanki da yake jin maganarsa, a nuna masa cewa haƙƙin nan ba naki ba ne, ba kuma nasa ba ne, balle ku yafe. Na yaran ne. Abin da yake ciyar da su sadaka ce da Allah zai ba shi lada, amma ba ta sauke wajibin da yake kan ubansu. Yau yana da rai da ƙarfi, yarinyar kuma tana da shekaru masu yawa a gaba kafin ta yi aure. "Na bar shi da Allah" magana ce mai kyau a kan abin da yake naka, ba a kan abincin yaro ba.

Kuma ba sai an fara da kotu ba. Baba da kansa zai iya kiran magabatan tsohon mijin naki, waɗanda suka zo neman aurenki, a zauna. In bai yiwu ba a je wurin mai unguwa ko limami, ko ofishin Hisba in akwai a garinku. Duk abin da aka cimma a rubuta shi, da adadi da ranar biya da hanyar biya, kowa ya sa hannu da shaidu. Sannan a kai takardar kotu a shigar da ita a matsayin hukuncin sulhu. Wannan matakin shi ake yawan tsallakewa, alhali shi ne mai ƙarfin. Hisba da mai unguwa suna sasantawa, amma kotu ce kaɗai take iya tilastawa.

In ya ƙi zama, ki shigar da ƙara a kotun shari'a mafi kusa, za a aika masa sammaci. Ba dole sai da lauya ba, kuma kina iya wakilta yayanki ko baffanki ya tsaya miki, wanda zai rage wa Baba abin da yake jin nauyi. Ki tafi da takardar saki, takardun haihuwar yaran, littafin lissafinki, rasit, da sunan ma'aikatar da yake aiki. Ki nemi hukunci a kan abu biyu tare, tabbatar da riƙo da yanke ciyarwa, kuma biyan ya riƙa bi ta kotu ko ta asusun banki don ya bar shaida. Wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ikon duba irin waɗannan al'amura. In kina buƙatar lauya ba ki da hali, ki nemi ofishin hukumar taimakon shari'a ta gwamnati, wato Legal Aid Council, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA. Wanda aurensa na rajista ne kuwa, babbar kotun jiha zai je, a ƙarƙashin dokar aure ta 1970, inda ake duba ƙarfin uwa da na uba duka.

Wurin da shari'ar take da rauni shi ne aiwatarwa. Samun hukunci ya fi sauƙi a kan samun kuɗin. Ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu yana iya rantsewa ba shi da komai, ya biya wata biyu ya ɓace, uwa ta yi ta zaryar kotu har kuɗin mota ya fi abin da take bi. Ke kin yi sa'a ta wannan fuskar, don albashi ba ya ɓoyuwa, kuma ana iya neman umarnin kotu a cire daga cikinsa. Mai hali da ya ƙi biya da gangan, alƙali yana da ikon sa a kama kayansa ko a tsare shi, domin hadisi ya kira jan ƙafar mawadaci zalunci. A Abuja da jihohin da suka karɓi dokar hana cin zarafi ta 2015, barin iyali ba abin ci laifi ne da zai iya kai mutum kurkuku har shekara 3. Ni dai ba na gaggawar neman a ɗaure uba, don daga kurkuku ba a aiko da cefane, kuma yaran za su girma su ji. Amma sanin cewa ana iya yi yakan sa mutum ya zauna a yi magana.

Na ji ɓangarenki ne kawai, alƙali kuwa zai ji nasa, kuma ƙa'idojin kotu suna ɗan bambanta daga jiha zuwa jiha. Akwai abu ɗaya da kusan kullum uba yake kawowa in an zo gaban alƙali: an hana shi ganin 'ya'yansa. Kada ki ba shi wannan hujjar. Ko bai aiko da ko sisi ba, yana da haƙƙin ya gan su, ya san makarantar da suke, ya duba karatunsu da tarbiyyarsu, su je su gaishe shi su gaida kakanninsu su dawo su kwana wurinki. Shi ne kuma waliyyin 'yarki ranar aurenta. A takardar da za a rubuta adadin ciyarwa, a rubuta har da ranakun da za su riƙa zuwa wurinsa, da yadda za a raba hutun makaranta da na sallah, da wanda zai kai su ya dawo da su.